Kun Tambaya, Mun Amsa: Murhu, Leda da Dashen da Ba Ya Kamawa

Wasiƙu da yawa da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga abu ɗaya, wato yadda mutum zai tafiyar da gidansa ba tare da ya ɓata ƙasar da yake zaune a kanta ba. Na zaɓi huɗu daga ciki, uku daga jihar Gombe, ɗaya daga Bauchi. Na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, kuma kamar yadda muka saba, ba mu buga sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwar gida ce a unguwar Pantami cikin garin Gombe, mu goma sha ɗaya ne a gidan. Na yi shekara huɗu ina girki da gas, amma tun da kaya suka yi tsada bayan cire tallafin man fetur na jingine tukunyar na koma gawayi, ranar da babu kuma sai itace. Babban ɗana da ke jami'a ya ce da hannuna nake jawo mana hamada, maganar kuwa ta tsaya mini a rai. Shin laifi nake yi? In laifi ne, yaya zan yi, tunda tuwo ba ya dafa kansa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin uwar da ta hura wuta don ta ciyar da mutum goma sha ɗaya ba ta aikata laifi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, sannan darajar naira ta faɗi, gidaje masu ɗimbin yawa sun yi irin komawar da kika yi, kuma ba don suna so ba. Sai dai maganar ɗanki tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ya ɗora ta a inda bai dace ba. Yadda ake ƙona gawayi a dajinmu, ana tara itace a rufe da ƙasa, buhu guda yana cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, kuma masu sana'ar ba sabara ko kalgo suke nema ba, sun fi son ƙirya da marke da sauran itatuwa masu tauri waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su isa sara. Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Gombe zuwa Dukku ko ta Alkaleri ya ga yadda buhunan gawayi ke ƙaruwa a bakin titi, dajin da ke bayansu kuma yana ƙara haske.

Abin da ke hannunki shi ne rage yawan abin da murhunki ke ci, kuma a nan ne amfanin aljihunki da amfanin daji suka haɗu wuri ɗaya. Murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafin wutar ta gefe, abin da ke isa gindin tukunya kaɗan ne. Idan aka gina murhu da laka da aka kwaɓa da ƙaiƙayi ko kashin jaki, aka kewaye wutar, aka bar ƙofa ɗaya ta tura itace da ɗan sarari da hayaƙi zai fita ta gefen tukunya, za ki ga ɗaurin itacen da kan ƙare a kwana biyu yana neman kaiwa kwana uku. Haka ma kurfoti mai shafen yumɓu a ciki ya fi na ƙarfe zalla riƙe zafi. A faskara itacen ƙanana, a bar shi ya bushe sosai, saboda ɗanyen itace yana ɓatar da wutarsa wajen ƙona ruwan da ke jikinsa, abin da yake ba ki sai hayaƙi. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. A jiƙa wake tun da dare. In an sauke abinci, a kashe sauran gawayin da toka ko a juye shi cikin tsohuwar tukunya a rufe, gobe ya sake aiki.

Akwai wata dabara da nake so ki gwada ko sau ɗaya ne, domin wanda bai gani da idonsa ba yakan yi musu. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa tsummoki ko tsohon bargo a ciki har su yi kauri. Idan shinkafa ta tafasa na ɗan lokaci, ki sauke tukunyar da murfinta a rufe, ki saka ta cikin kwandon, ki lulluɓe ta ko'ina, kada a buɗe har wajen minti 40. Zafin da ta riga ta ɗauka shi zai ƙarasa dahuwar. Wake da aka jiƙa yana bukatar ya tafasa sosai a kan wuta tukuna, sannan ya yi sa'o'i biyu zuwa uku a kwandon. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar abinci ya kwana a ciki har ya huce, don kada ya lalace.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma, Hajiya, ƙirjinki ne da na 'ya'yan da kike goyo a bakin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana da hannu a mutuwar kimanin mutum miliyan 3 a kowace shekara a faɗin duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da makamantansu, mata da ƙananan yara kuma su suka fi shaƙarsa. Ki riƙa girki a tsakar gida ko a madafa mai taga, ki nisanta jariri daga hayaƙin. Lokacin hunturu kuma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, saboda yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum a cikin barcinsa. Shi kuwa ɗanki, ki gaya masa cewa ilimin da ya samo abin so ne, kuma hutun da zai zo ya kwaɓa laka ya gina miki murhun nan da hannunsa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da shagon kayan masarufi a garin Kumo. A wuni nakan raba leda sama da ɗari, ko ashana mutum ya saya sai ya ce a saka masa a leda. Kwanan baya akuyarmu ta rame ta daina cin abinci, da aka yanka sai mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In na daina ba da leda, masu saye za su koma shagon maƙwabcina. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya sami akuyarka duk mahaucin da ya daɗe a kwata ya san shi, domin dabba tana bin ƙamshin gishiri da mai da ke jikin leda ta haɗiye, cikinta kuma ba ya iya narkar da ita, sai ta cushe tumbi, dabbar ta riƙa jin ƙoshi alhali yunwa na cinye ta.

Ba zan ce ka daina ba da leda gobe da safe ba, domin kasuwa ba ta tafiya da haka. Ƙasashen da suka rabu da ita doka ce ta hau kan kowa lokaci ɗaya: Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017 da tara mai tsanani, jihar Legas kuma a watan Janairun 2024 ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da kumfa. Kafin irin wannan doka ta iso mu, akwai abin da ɗan kasuwa zai iya. Ka daina miƙa leda kafin a nema, ka riƙa tambaya tukuna. Ka haɗa kaya biyar a leda ɗaya maimakon kowanne da tasa. Wanda ya zo da jakarsa ko kwanonsa ko kwalbar mansa, ka yi masa gyara ko da ta ɗan gishiri ce, tunda kuɗin ledar da ka tsira da shi ne ka mayar masa. Iyayenmu da ƙwarya da kwando da faifai suka yi cefane, man gyaɗa a kwalba, goro a ganye, kuma ba su rasa komai ba. Matan unguwa da ke saye a wurinka kullum su ne za su fara karɓar wannan, musamman in ka ba su labarin akuyar kamar yadda ka ba ni.

Zan ƙara da abin da ba ka tambaya ba, saboda yana ci mini rai duk damina. Ɗabi'ar nan ta jiran hadari ya sauko sannan a aiki yara su juye shara a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita, ita ce ke mayar da ruwan cikin ɗakunanmu. Ƙasar garin Gombe rairayi ce mai saurin zaizayewa, garin kuma a gangare yake, shi ya sa kwaruruka suka ratsa unguwanni suna cin gidaje. An kashe kuɗi masu yawa, har da rancen Bankin Duniya, wajen ɗaure wasu daga cikinsu da siminti da duwatsu, amma magudanar da leda da robar ruwa suka toshe ba ta da amfani komai kyan gininta: ruwan zai nemi wata hanya, ya tona sabon kwari a gefenta. Inda ya kwanta kuma sauro ya sami gida, in ya gauraya da najasa ya shiga rijiya a sami amai da gudawa.

Ƙona ledar ma ba magani ba ne, domin baƙin hayaƙinta guba ne, kuma ina roƙon mata su daina hura gawayi da ita. Abin da ya fi shi ne a raba shara tun daga gida. Ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki su tafi rami ɗaya su zama taki, wanda manoma ke saye da kuɗinsu yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin mutane da yawa. Ƙarfe da gwangwani da robobi masu kauri a tara wa 'yan bola jari. Abin da ya rage kaɗan ne, a kai shi inda hukumar tsaftar muhalli ke kwashewa. Tsohon batirin mota ko na sola kuwa a mayar wa masu sayar da shi, kada a bari yara su fasa shi a gida, domin dalma ce a ciki, kuma ba mu manta da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya a 2010 ba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni matashi ne daga Dukku. Shekara uku a jere ina karɓo dashen itatuwa ina shukawa a ƙofar gidanmu da gonar mahaifina, amma ko ɗaya bai rayu ba, wasu awaki suka ci, wasu suka bushe kafin bazara. Abokaina sun fara yi mini dariya. Shin akwai amfani in ci gaba?

AMSA: Ɗana, akwai amfani ƙwarai, kuma Allah ya yi maka albarka da ba ka gaji ba har sau uku. Matsalarka ita ce matsalar dashen itatuwa a Arewa baki ɗaya: mun iya ranar shuka, ba mu iya watannin da ke bayanta ba. Jihar Gombe ta ƙaddamar da shirinta na dashen itatuwa mai suna 3G (Gombe Goes Green) a 2019 da burin dasa itatuwa miliyan guda a kowace shekara. Gombe da Bauchi kuma suna cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 da niyyar ratsa kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Waɗannan shirye-shirye suna iya kawo dashe har ƙofar gida, amma babu gwamnatin da za ta zo ta ba bishiyarka ruwa a watan Maris.

Saboda haka bana ka rage buri. Ka dasa biyar kawai, waɗanda ka tabbata za ka iya shayarwa. Ka jira damina ta zauna sosai, wajen watan Yuli, don saiwa ta sami watanni biyu ko uku tana bin danshi kafin ruwa ya ɗauke. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba ya ba rani kyauta ne. Ka haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ka yanke ledar da dashen ya zo a ciki ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ka warware ƙasar da ke jikin saiwar ba. Ka bar ɗan kwari a gindin don ruwa ya tsaya, ka rufe shi da busasshiyar ciyawa, ka barbaɗa toka saboda gara. Shinge kuwa a ranar dashen ake yinsa, da ƙayar magarya ko fasassun bulo ko tsohon kwando, domin akuya ba ta jiran sai ka sami sukuni.

Ruwan rani shi ne inda mutane ke karaya, ga shi kuwa kullum muna zubar da shi. Mutum guda yana alwala sau biyar a wuni. In ka mayar da wurin alwalar gidanku gindin dashen, ko ka ajiye roba tana tarar ruwan, ka sami abin shayar da itatuwan ƙofar gida ba tare da ka sayi ko jarka ɗaya ba, haka ma ruwan wanke shinkafa da kayan miya. Ga na gona, ka binne ƙaramin tulu marar shafe kusa da saiwar, bakinsa a waje, ka riƙa cika shi ka rufe; ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali ta jikin yumɓun zuwa inda ake bukatarsa. Rani biyu za ka yi wannan wahala, daga nan bishiyar ta kama kanta. Dogon yaro yana da juriya da inuwa, amma ka nisanta shi da katanga saboda saiwarsa. Zogale yana saurin ba da ganye, mangwaro da gwaiba suna son ruwa fiye da sauran.

A gonar mahaifinka kuwa, ina ganin ba dashe ka fi bukata ba. Ka je ka duba kututturan da ake sassabewa duk shekara kafin shuka, na sabara da kalgo da gawo da magarya da aduwa. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, wasu sun girme ka, shi ya sa suke sake tohowa duk sanda aka sare su. Manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tun farkon shekarun 1980, suka fara barin rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kowane kututture, su datse sauran, su riƙa gyara su duk shekara. Suna kiran wannan aiki sassabin zamani, kuma ta hanyarsa aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 na gonaki da itatuwa wajen miliyan 200, a ƙasar da ruwanta bai kai na Dukku ba. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa ba ya bukatar ban ruwa, kuma yana girma da saurin da sabon dashe ba zai kamo shi ba. Gawo musamman ka riƙe shi da kyau: yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Ka zauna da mahaifinka ka nemi izininsa a kan kututture goma, ka ɗaura musu ƙyalle don masu sassabe da masu neman itace su gane. In abokanka sun sake yin dariya, ka tuna musu hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce, ina haya a Yelwa cikin garin Bauchi. Ba ni da fili balle in yi dashe, ruwa a wurin 'yan ga-ruwa nake saye, wutar lantarki kuma ba ta zama, kayan miya suna ruɓe mini. Akwai abin da mai haya zai iya yi?

AMSA: Malama, akwai. Ga kayan miya, ki sayi tukwanen ƙasa biyu marasa shafe, babba da ƙarama, ki saka ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi mai laushi, ki jiƙa yashin, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin cikin, sai tumatir da tattasai da yalo da alayyafo su ƙara kwanaki ba su yi yaushi ba. Wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa, kuma ba a ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki.

Da damina kuma ki nemi izinin mai gidan ki sa indararo a bakin kwano. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufin da ya kai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, yana zubar da lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25, a dare ɗaya. Ki bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce kafin ki tara, ki rufe duron da murfi ko yadi mai kauri don sauro kada ya yi ƙwai a ciki. Ruwan ya isa wanki da wanka da wanke-wanke, wanda za a sha kuwa a tafasa shi tukuna.